Kafanchan da Hearst: Yadda Garin Dogo ke Rainon Ɗan Wasa

A ranar 7 ga Yulin 1975 aka haifi Rumun Ndur a Zariya. Yana ƙarami iyalinsa suka koma Kanada, ya tashi a wani ɗan gari mai suna Hearst, can arewacin lardin Ontario, inda dusar ƙanƙara kan rufe ƙasa wata da watanni. A 1994, yana dab da cika shekara 19, ƙungiyar Buffalo Sabres ta ɗauke shi a zaɓen matasan 'yan wasa na babbar gasar hokin ƙanƙara ta Arewacin Amurka, wato NHL, shi ne na 69 a jerin waɗanda aka zaɓa a shekarar. Bayan shekara biyu ya zama mutum na farko haifaffen Najeriya da ya buga wasa a wannan gasa. Wasan kuwa ba a san shi a ƙasar haihuwarsa ba ko a mafarki: mutum shida a kowane ɓangare, kowa sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a tafinsa, suna sulɓi a kan daskararren ruwa, suna kora wani baƙin faifan roba da sanduna masu lanƙwasa zuwa raga.

Ana iya ɗaukar wannan labari a matsayin abin al'ajabi kawai, a yi mamaki a wuce. Amma akwai darasi a cikinsa ga mai son fahimtar tarihin wasanni a jihar Kaduna, musamman Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita. Yaron da aka haifa a Zariya bai gaji sulɓi a kan ƙanƙara daga kowa ba. Abin da ya samu shi ne tsani: matakai jere, kowanne a haɗe da na samansa, daga filin yaran unguwa har zuwa inda ake biyan albashi. Hujjar wannan rubutu ita ce, kudancin Kaduna ma ya taɓa samun ƙananan matakan irin wannan tsani, reluwe da makarantu ne suka kafa su, amma da yake mutanen gari ba su ne suka mallake su ba, sai suka zube tare da masu su. Abin da ya bambanta Kafanchan da Hearst shi ne wanda ke riƙe da gindin tsanin.

Garuruwan biyu sun yi kama ta asali fiye da yadda za a zata. Hearst ma ɗan dogo ne. An kafa shi wajen 1913, lokacin da ake shimfiɗa layin da ya ratsa arewacin Kanada daga gabas zuwa yamma, sannan wani layin daga kudu, Algoma Central, ya zo ya tsaya a nan. Katako ne arzikinsa, yawancin mutanensa Faransanci suke yi, yawansu bai wuce 5,000 ba, kuma daga nan zuwa Toronto tafiya ce ta fiye da kilomita 900. Duk da haka wannan ɗan gari ya fitar da Claude Larose, wanda ya ci kofin Stanley, wato kofin gasar NHL, sau biyar da ƙungiyar Montreal, ya kuma fitar da Claude Giroux, wanda Philadelphia ta zaɓa a 2006 har ya zama kyaftin ɗinta na kusan shekara goma. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A kusan kowane gari na Kanada akwai ɗakin ƙanƙara mallakar hukumar gari, akwai kuma ƙungiyar wasan yara wadda iyaye ke tafiyar da ita da aikin sa kai. Yaro ɗan shekara biyar ko shida ana rubuta sunansa da ranar haihuwarsa, a sa shi a rukunin sa'o'insa. Duk bayan shekara biyu ya matsa gaba. Jadawalin wasa na fita tun farkon kaka, uwa ko uba su tashi da asuba cikin sanyi mai tsinke yatsa su kai yaro atisaye, wani makwabci ya riƙe usur, wani ya rubuta sakamako. Kafin yaro ya kai shekara 15, akwai takardar tarihinsa ta shekara goma wadda mai neman 'yan wasa daga nesa zai iya dubawa.

Daga nan ne matakin tsakiya ke karɓa. Ndur ya shiga ƙungiyar Guelph Storm a 1992, a gasar matasa ta Ontario, inda 'yan shekara 16 zuwa 20 ke bugawa. A wannan mataki yaro kan bar gidansu, ƙungiya ta damƙa shi ga wani iyali a garin da zai buga, ya ci abinci a teburinsu, ya je makarantar garin da safe, ya yi atisaye da yamma. Kaka uku ya yi a nan yana tsaron baya, daga nan ya wuce Rochester Americans, ƙaramar ƙungiyar da Buffalo ke gasa matasanta a ciki, wadda ta ci kofin gasarta a 1996. Sai babbar gasa: Buffalo, New York Rangers, Atlanta Thrashers, wasa 69 gaba ɗaya, daga baya ya ci gaba da sana'arsa a ƙananan gasanni da kuma Turai. Bai zama tauraro ba, kuma wannan ma yana cikin darasin, domin tsani na gari yana ɗaukar matsakaici kamar yadda yake ɗaukar gwani. Wani abin lura shi ne, saman tsarin na Kanada ya sha sauyi. Kafin a fara zaɓen matasa a 1963, manyan ƙungiyoyi ne ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyin matasa kai tsaye, su ɗaure yaro tun yana ƙarami, kamar yadda Boston ta kama Bobby Orr yana ɗan shekara 14. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 an watsar da wannan tsari, amma wasan yara bai girgiza ba, saboda gindinsa yana hannun gari.

Kafanchan kuwa ƙasar Fantswam ce tun kafin Turawa, tana makwabtaka da Kagoro, Bajju, Kaninkon da sauran al'ummomin yankin, ga kuma masarautar Jama'a da aka kafa a farkon ƙarni na 19. Abin da ya mai da ita birni shi ne dogo. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya iso nan ya haɗe da Kaduna a 1927, aka kuma ja reshe ya hau tsaunin Jos domin kwaso kuza. Gadar Makurɗi da aka buɗe a 1932 ta cike gibin da ya rage a kan kogin Binuwai, a 1933 kuma fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan. Daga baya, a farkon shekarun 1960, aka miƙa layin daga kusa da Jos zuwa Bauchi, Gombe da Maiduguri, duk wanda zai bi shi kuwa sai ya ratsa ta Kafanchan. Kwal na Inugu ya haura arewa, kuza da gyaɗa da fatu su gangara teku, citta ta yankin Jaba da Kachia ta sami hanyar fita. Tare da kaya sai mutane: direbobin jirgi, 'yan wuta, makanikai, akawuna, masu gyaran layi, Ibo da Yarabawa da Hausawa da Tibi da 'yan ƙasa, aka zauna kwatas ɗaya, albashi na zuwa ƙarshen wata, aiki na tashi a kan lokaci, yamma ta zama ta hutu.

Albashi da lokacin hutu su ne takin wasa na zamani, kuma a Najeriya ma'aikata ce ta fara samar da su. Da aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta Kofin Gwamna a 1945, wadda daga baya ta zama Kofin Ƙalubale, ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa ta Legas ce ta fara ɗauka, sai ta Reluwe ta mamaye shekarun da suka biyo baya, kuma 'yan wasanta na cikin tawagar Najeriya da ta je Ingila a 1949, inda Teslim Balogun ya yi suna. Ɗan wasa a wancan zamani ma'aikaci ne: a ba shi gurbi a ofis ko a gareji, ya yi atisaye da yamma, idan ƙafarsa ta gaji aikinsa na nan. Ƙwallo ta bi layin dogo ta shiga ƙasar nan tasha bayan tasha. Hanya ta biyu ita ce makaranta. Mishan ta SIM ta zauna a Kwoi tun wajen 1910, daga baya Kagoro, Katolika ma ta buɗe nata makarantun, har yankin ya zama cikin inda boko ya fi kafuwa a Arewa. A makarantar kwana wasa dole ne kamar lissafi. Ranar gasar gidaje a share fili, a ja layukan tsere da farar ƙasa ko toka, kowane gida da launin rigarsa, malamin wasanni na riƙe da agogo da littafi. Wanda ya yi fice ya wakilci makaranta, daga nan lardi, daga nan jiha, kuma daga 1973 akwai Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977. Wannan duk ya zo ya tarar da tsofaffin al'adun gwada ƙarfi, kokawar bayan girbi da farautar gayya da har yau ake tunawa da ita a bikin Afan na Kagoro kowace 1 ga Janairu, sai dai su waɗannan iyakarsu gari da makwabta, ba su da matakin da zai kai saurayi nesa.

Matsayin Kafanchan a wannan tsari shi ne na mahaɗa, kamar yadda take ga kaya. Manyan matakan suna Jos da Kaduna, ita tana tsakani. Jos na da ƙwallon da ta tsiro a cikin ma'aikatan kuza, ta haifi ƙungiyar Mighty Jets. Kaduna na da filin wasa na Ahmadu Bello da ƙungiyoyin masana'antu. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna a 1963, a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara kafin ya tafi Shooting Stars ta Ibadan, shi ne kuma ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994. Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ya fito, ƙungiyar da asalinta ta masana'antar makamai ta DIC ce, ya buga gasar Afirka ta 1990 yana ɗan shekara 17, Club Brugge ta Beljiyam ta ɗauke shi a shekarar, ya koma Everton a 1994, daidai shekarar da Buffalo ta zaɓi Ndur. A tawagar Najeriya da ta ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 akwai Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, da Celestine da Emmanuel Babayaro, duk 'yan Kaduna, biyu daga cikinsu kuma sun ci ƙwallo a wasan ƙarshe da Ajantina. Gari guda ba ya zuba mutum biyar a irin wannan tawaga bisa tsautsayi. Amfanin gonar da aka shuka a shekarun 1970 da 1980 ne, lokacin da makaranta da masana'anta ke da rai.

Sai dai a lokacin da ake murnar Atlanta, gindin tsanin ya riga ya ruɓe. Kafanchan ta fara jin girgiza tun 1966, da ma'aikata 'yan gabas da yawa suka bar garin, yaƙin basasa kuma ya yanke layin Fatakwal na tsawon shekaru. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantun mishan, shirin ilimin firamare na kowa na 1976 ya ninka yawan ɗalibai, kuɗin kulawa bai ninku ba, da tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo kuwa, kayan wasa da kuɗin mota zuwa gasa suna cikin abin da aka fara yankewa. Manyan motoci suka ƙwace wa jirgi kaya, hukumar reluwe ta durƙushe a ƙarshen shekarun 1980, albashi ya riƙa makalewa. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Ma'aikatar da ba ta iya biyan masaƙi ba za ta riƙe mai tsaron gida ba. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 bai bi ta Kafanchan ba. Da kasuwar katako ta yi rauni a arewacin Ontario garuruwa sun sha wuya, amma ɗakin ƙanƙara na hukumar gari ne, ƙungiyar yara ta iyaye ce. A nan kuwa fili na reluwe ne, littafin suna na makaranta ne, ƙungiya ta kamfani ce, shawarar rufewa kuma daga Legas ko Kaduna take zuwa.

Wani zai ce wannan kwatanci bai yi adalci ba, Kanada ƙasa ce mai arziki, yanayinta kuma shi ke ba ta ƙanƙara kyauta. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke cewa a gina ɗakin ƙanƙara a Zonkwa. Amma idan aka duba da kyau, tsadar tana wajen kayan wasan ne, takalmi da sulke da wutar daskarar da ruwa. Abin da ke haɗa matakan kuwa, wato rajistar shekaru, rukunin sa'o'i, jadawali mai tabbas da rubuta sakamako, bai wuce littafi da alƙalami da mutane masu cika alkawari ba. Ƙwallon ƙafa da tsere sun fi hoki arha nesa ba kusa ba, kuma tuddan Kagoro da sanyin yankin sun dace da masu dogon gudu. Makarantun shekarun 1960 sun yi wannan aiki da kuɗin da bai kai na yanzu ba. Talauci yana rage kyawun fili, amma ba shi ke hana a san ranar haihuwar yaro da ranar wasansa na gaba ba.

Wani kuma zai ce ƙwallon Najeriya a titi take tsirowa, ba ta buƙatar rajista, ga kuma makarantun ƙwallo masu zaman kansu sun cike gurbin da masana'antu suka bari. Akwai ƙanshin gaskiya a nan: Ahmed Musa da Moses Simon ta irin wannan makaranta suka bi kafin su tafi Turai. Titi yana koyar da yanka da jarumta, wannan ba gardama. Amma Yekini bai tashi daga titi ya faɗa Fotugal ba, ya bi UNTL, Ibadan, Abeokuta da Abijan tukuna. Makarantar ƙwallo kuwa kasuwa ce, ribarta a sayar da yaro ɗaya cikin ɗari take, don haka tana zama inda dillalai ke sauka, a manyan birane, ba ta da dalilin zuwa ƙauyen Kaninkon neman ɗan shekara 10. Ragowar 99 ba aikin kamfani a bayansu, sau da yawa ba takardar makaranta. Rashin rajista tun daga tushe shi ne kuma ya jawo wa ƙasar nan zargin rage shekaru, har hukumar FIFA ta shigo da gwajin ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009. Ƙasar da ta ci wannan kofi tun 1985, ta kuma maimaita sau huɗu, bai kamata shekarun yaranta su zama abin da sai na'ura ta tantance ba.

Ƙalubale mafi nauyi shi ne na zaman lafiya. Za a ce ana maganar ƙwallo a yankin da ya ga rikicin Maris na 1987, wanda ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, da na Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓen 2011 da ya cinye kasuwar garin, ga hare-haren ƙauyuka na shekarun baya-bayan nan. Uban da ke tsoron hanya ba zai bar ɗansa ya tafi wasa garin da ba nasu ba, kuma ba a ga laifinsa. Sai dai jerin shekarun yana nuna cewa lalacewar wuraren haɗuwa ta faro ne kafin mafi munin rikicin, ta kuma tafi tare da shi. Kwatas ɗin reluwe da ɗakin kwanan makaranta su ne inda ɗan Bajju da Bahaushe da Bafulatani da ɗan Ibo suka sa riga iri ɗaya. Ƙwallo ba ta warware rigimar ƙasa ko ta sarauta, wanda ya ce tana yi ya wuce gona da iri. Amma unguwannin da suka rabu bisa addini bayan kowane rikici sun rasa inda yaransu za su san juna da suna, wannan rashi kuma yana da nasa farashi. Jiran sai zaman lafiya ya cika kafin a dawo da gasa, jiran sakamako ne kafin a yi ɗaya daga cikin ayyukan da ke kawo shi.

Ya kamata kuma a faɗi aibin tsarin Kanada, domin kada a ɗauke shi aljanna. Tsadarsa tana korar 'ya'yan talakawa, yana raba yara da iyayensu tun suna 16, kuma kaɗan ƙalilan ne ke kai wa babbar gasa. Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene a 1989, ya tashi a Yukren kafin Toronto, ya ƙi yarda da wulaƙancin da tsofaffin 'yan wasa ke yi wa sababbi a ƙungiyar Windsor a 2005, wani abokin wasansa ya zubar masa da haƙora da sanda. Chicago ta zaɓe shi a 2007, amma wasanninsa a NHL ba su kai goma ba, a 2019 kuma ya fito ya bayyana zagin launin fata da wani koci ya yi masa shekaru da suka wuce, abin da ya sa kocin ya bar aikinsa a Calgary. Wannan yana nuna cewa tsani na iya cutar da mai hawansa. Amma ko a nan, samuwar hukuma da rubutaccen tarihi ne ya sa aka sami wanda za a tuhuma. Yaron da dillali ya karɓi kuɗin gonar ubansa ya yasar da shi a wata ƙasa ba shi da ofishin da zai kai ƙara.

Abin da tarihin ya nuna shi ne, kudancin Kaduna bai taɓa rasa yara masu ƙafa da huhu ba, kuma ya taɓa sanin yadda ake shirya su, amma ya yi hakan ne a inuwar hukumomin da ba nasa ba. Reluwe ba za ta dawo ta ɗauki 'yan ƙwallo aiki ba, masaƙu ma haka. Abin da ya rage a hannun mutane shi ne ƙungiyoyin ci gaban gari da kowace al'umma ke da su, coci-coci da masallatai, 'yan kasuwar citta, tsofaffin ɗalibai, Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, inda ake da malamai da filaye. Waɗannan sun isa su riƙe gasar makarantu ta shekara-shekara tsakanin Kafanchan, Kagoro, Zonkwa, Kwoi da Kachia, ta maza da mata, mai rukunin shekaru da rajistar da ba ta ɓacewa idan gwamnati ta sauya. Kofin da ɗan siyasa ke sawa gab da zaɓe ba ya yin wannan aiki, domin ba ya dawowa baɗi. Jos da Kaduna suna nan a matsayin matakan sama, kuma mai neman 'yan wasa zai zo duk inda ya san akwai wasa ranar Asabar da littafin da zai gaskata. Aikin Kafanchan shi ne matakan farko, kuma wannan karon sai su kasance na gari.